TATTALIN WUTA DA MAI A MASANA'ANTA: DAGA INA AKE FARAWA?

A watan Agusta na shekarar 2023 Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take sayar wa Nijar. A lokacin, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da kampanin NIGELEC yake rarrabawa daga can take fitowa. Masana'antu da yawa suka koma kan injinan gazuwal, kuɗin aiki ya hau. An maido da wutar a watan Maris na 2024, amma abin ya tuna wa jama'a darasin da ƙasashen duniya suka koya tun 1973, shekarar da farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo: masana'antar da ba ta san yawan wuta da man da take ci ba, tana tafiya ne cikin duhu.

A ɗauki misalin siminti, wanda ake yi a Malbaza, cikin jihar Tawa, tun shekarun 1960. Sai an gasa dutsen farar ƙasa da yumɓu a cikin tanderu har zafi ya kai digiri 1450, sa'an nan a niƙa abin da ya fito ya zama gari. Tanderu yana shan mai ko gawayi, injinan niƙa da sauran injina kuwa suna shan lantarki, wajen kilowat-awa 100 a kowane tan guda. Saboda haka a irin wannan aiki kuɗin makamashi yakan kai kashi ɗaya cikin uku na duk abin da aka kashe. Matatsar man gyaɗa, da majemar fata, da injin casar shinkafa ba su kai haka ba, amma hanyar farawa ɗaya ce.

Da farko a auna

Aiki na farko ba ya bukatar sayen kome. Shugaban masana'anta zai tattara takardun biyan kuɗin wuta da na mai na wata 12 ko 24, a rubuta su cikin littafi ɗaya, kusa da yawan kayan da aka sarrafa a kowane wata. A raba wutar da aka ci da yawan tan ɗin da aka fitar. Wannan lissafi shi ne ma'auni. Idan ya hau alhali aiki bai ƙaru ba, to akwai ɓarna a wani wuri.

Sa'an nan a naɗa mutum ɗaya wanda zai riƙa duba mitar wuta kullum, safe da yamma, har da ranar hutu. Wutar da mita ta nuna an ci ranar Lahadi, lokacin da ba a aiki, ita ce ke tona asirin injinan da aka bari a kunne.

Gyaran da ba shi da tsada

A yawancin masana'antu, motocin lantarki masu juya injina su ne ke cin wajen kashi biyu cikin uku na wuta. Injin da yake jan kilowat 10, in aka bar shi yana juyawa a banza awa 2 kowace rana, cikin kwana 300 ya cinye kilowat-awa 6000 ba tare da ya fitar da ko buhu ɗaya ba. Da yayyafi kogi kan cika.

Abu na biyu shi ne iskar da ake matsawa da kwamfaresa. Inda ba a kula da bututu, kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na iskar yakan zurare ta ƙananan huji. Ana gane su da kunne bayan an tashi daga aiki, ko kuma a shafa ruwan sabulu a mahaɗin bututu a ga inda kumfa ke tashi. Haka nan bututun tururi da ba a naɗe shi ba yana zubar da zafi dare da rana. A ƙasa mai ƙura kamar Nijar, musamman lokacin hunturu, share matatun iska da goge jikin motoci yana hana su yin zafi su lalace.

Sayen sabon kaya daga baya

Sai an gama waɗannan ne ya kamata a yi zancen kashe kuɗi: ƙwayayen fitila na LED, motoci masu ƙarancin ci, na'urar da ke rage gudun fanka ko famfo daidai da bukata, ko allunan hasken rana irin na tashar megawat 7 da aka buɗe a Malbaza a 2018. Kowane ɗaya a lissafa wata nawa zai yi kafin ya biya kuɗinsa, a fara da mai saurin biya. Tun 2011 akwai ƙa'idar duniya mai suna ISO 50001 wadda ta tsara wannan tafiya: a shirya, a aikata, a duba, a gyara.

Ma'aikacin da ke tsaye gaban inji shi ne yake fara jin ƙarar iska mai zurarewa. Ya kamata a kafa allo a bakin ƙofa, a riƙa rubuta lissafin kowane wata da Hausa da Faransanci, domin duk wanda ya yi yaƙi da jahilci ya karanta da kansa, ya ga sakamakon ƙoƙarinsa, ya kuma kawo shawara.