Ajiyar Ƙyallaye a Gida

Da hutun da ya wuce muka tafi gida Farin Dutse, cikin ƙasar Gwaram, muka tarar da wani abin baƙin ciki. Kakarmu tana da wani akwatin katako wanda ta daɗe tana tara zannuwa da ƙyallaye a ciki, da nufin in sun yi yawa a harhaɗa a ɗinka wa jikokinta mayafin sanyi. A ciki har da wani saƙi na mahaifiyarta, irin wanda yanzu ko da kuɗinka da wuya ka sami masaƙin da zai yi maka. Akwatin nan ya shekara biyu a ƙasa, jingine da bango. Ran da aka buɗe shi sai ga gara ta huda gindinsa, ta yi gini a tsakiyar kaya, abin da ta rage kuwa duk ya yi fumfuna. Tsohuwa ba ta ce uffan ba, ta ɗauki guntun saƙin nan ta shige ɗaka. Abin da ya sa ke nan muka ga ya kamata mu rubuta ɗan abin da muka koya game da ajiyar ƙyallaye, ko Allah ya sa ya amfani 'yan'uwa.

Kada wani ya ce wannan zancen mata ne, ba ruwan malami da shi. Haɗa ƙyalle da ƙyalle, a cusa auduga a tsakani, a bi shi da ɗinki layi-layi, ba baƙon aiki ba ne a ƙasar Hausa, aikin lifidi ke nan. Littafin Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Da audugar rimi a ke cusa lifidi, ya tsare doki da mahayinsa daga kibiya, har yau kuwa mu kan ga 'yan lifida ran hawan Salla. Cikin 1851 wani Bature Bajamushe, Barth, wanda a ke kira Abdulkarim, ya sauka Kano, ya rubuta yadda tufafinta su ke kaiwa har Tambutu. Mutanen da suka san wahalar kaɗi da saƙa da rini ba su zubad da ko da ɗan ƙyalle. Daga baya aka buɗe masaƙar Kaduna cikin 1957, yadin inji ya yawaita, na ƙasashen waje ya cika Kantin Kwari, sai muka fara raina guntaye. Ga shi yanzu yadi ya yi tsada, uban yara ya kan yi gumi kafin ya ɗinka musu kayan Salla.

To, wanda zai yi ajiya sai ya fara sanin abokan gaban tufa. Babbarsu gara, ita daga ƙasa ta ke tasowa ko ta bi bango, ba ta kuwa son haske, saboda haka kayan da aka daɗe ba a motsa ba su ta ke ci. Na biyu danshi, shi ke haifar da fumfuna, watau baƙaƙen ɗigon nan da wanki ba ya fid da su sosai. Ƙasarmu ta Birnin Kudu da Gwaram ta fi arewacin Jigawa samun ruwa, da marka ta watan Agusta ko bangon ɗaki ya kan jiƙe. Na uku asu. Ba malam-buɗe-littafin ne ke ɓarna ba, tsutsarsa ce, ta fi kuma son ulu da gashi, kamar bargo. Na huɗu kyankyaso da ɓera, su ƙanshin abinci da sitaci su ke bi. Sa'an nan ga tsatsar akwatin ƙarfe mai bar wa farin yadi jan tabo, ga rana mai koɗar da launi.

Aiki na fari shi ne wanki. Kowane ƙyalle, sabo ko tsoho, a wanke shi kafin a ajiye, kada a sa masa sitaci, a bari ya bushe ƙayau. Wankin sabon yadi yana da wani amfani kuma. Yadin auduga, musamman akoko, ya kan takure a wankin fari. In aka haɗa wankakke da wanda ba a wanke ba, ran da mayafi ya shiga ruwa wani yanki zai ja, wani ya tsaya, ɗinki duk ya yamutse. Haka nan a gwada ko yadi yana zuba: a jiƙa gefensa, a danna shi a kan farin ƙyalle. In launi ya fito, a ware shi. Turkuɗi da ɗan Kura ko a bushe su kan shafa shuni, sai a naɗe su cikin tsohon zane, kada su taɓa fari.

Aiki na biyu rarrabewa. Mu kan fara da iri, auduga waje guda, yadin roba waje guda, domin dutsen gugar da auduga ta ke so ya kan narkar da roba. Wanda ya rasa ganewa ya zare zare ɗaya ya kai shi bakin wuta. Na auduga ya kan ci kamar takarda, ya bar toka mai laushi, na roba kuwa narkewa ya ke yi ya dunƙule. Bayan iri sai kauri, gama in an haɗa saƙi mai kauri da yadi shara-shara, mai kaurin ya kan yaga ɗan'uwansa a bakin ɗinki. Bayan kauri sai girma, kashi uku: manya, waɗanda suka wuce kamu ɗaya, watau wajen rabin yadi, matsakaita, daga taƙi zuwa kamu, ƙanana, waɗanda ba su kai tafin hannu ba, su na cusa matashi ne. A ƙarshe a tara kowane launi da danginsa, a ɗaure da ɗan ƙyalle irin na ciki, don a san abin da ke cikin ƙunshi ba sai an kwance ba.

Aiki na uku ma'aji. Iyayenmu da adudu su ke ajiya, suna kuwa da gaskiya, gama iska tana ratsa shi, sai dai ba ya hana ɓera. Akwatin ƙarfe da kwalla suna hana ɓera da gara, amma a shimfiɗa tsohon farin zane a ciki saboda tsatsa. Leda kuwa tana kulle danshi a ciki, kada a daɗe da kaya a cikinta. Kowane irin ma'aji ne, a ɗora shi bisa duwatsu ko bulo, a janye shi kamar taƙi guda daga bango, yadda tsintsiya za ta shiga ƙarƙashinsa da bayansa. Da an yi wa akwatin kakarmu wannan kaɗai, da saƙin nan yana nan. Masu nauyi a sa su ƙasa, marasa nauyi a bisa. Zane mai daraja gara a naɗe shi kamar tabarma, domin inda aka ninke nan zare ya ke fara karyewa.

Maganin ƙwari mai sauƙi shi ne busasshen ganyen darbejiya, itacen da aka fara dasawa a Barno cikin 1928, yanzu kuwa ba garin da babu shi. A busar da shi a inuwa, a ƙulle cikin ɗan tsumma, a sa a kusurwoyin akwati. Ɗanye kada a sa, zai kawo danshi da tabo. Game da ƙwayoyin kafur na kanti kuwa, a yi hattara ƙwarai. Yara su kan ɗauka alewa ce su haɗiye, likitoci kuma sun tabbatar akwai jariran da warinsa ya kan lalata musu jini har shawara ta kama su. Duk ƙyallen da za a yi wa jariri shimfiɗa ko zanen goyo da shi, kada kafur ya kusance shi.

Aiki na huɗu dubawa. Sau biyu a shekara a fid da kaya duka a shanya, da bazara kafin ruwan fari, da kuma kaka bayan ruwa ya ɗauke. Farare a rana, masu launi a inuwa. A kakkaɓe akwati, a sake ganye, a sake ninki. Da damina kuwa kowane mako a leƙa ƙarƙashin akwati ko gara ta fara jan hanya. Wanda ya iya rubutu ya liƙa 'yar takarda a cikin murfi, ya rubuta irin ƙyallaye da yawansu da ranar da aka shanya, kamar yadda mu ke riƙon rajistar aji.

Akwai wata magana ta amana da ba za mu bari ba. Yawancin ƙyallaye daga wurin tela su ke fitowa, alhali kuwa ragowar yadi na mai yadi ne, sai fa in ya yafe. Wanda zai karɓa ya tambaya tukuna, kada ya rufa da abin da ba a halatta masa ba.

Mu da za a rarraba mu makarantun ƙauyuka, wannan ilmi zai yi mana rana. Akwatin ƙyallaye guda ɗaya ya isa a koya wa yara riƙon allura da faci, a ɗinka jakar littattafai da abin share allo. Da shi kuma a koya musu awo da inci, da lissafin murabba'i nawa za su cika mayafi. Yaron da ya kwana cikin ɗarin hunturu ba mayafi, da safe ba ya jin karatu, kowa ya zauna aji cikin watan Janairu ya san haka.

Kafin mu komo makaranta mun ɗora akwatin kakarmu bisa duwatsu huɗu, mun wanke abin da gara ta rage, ƙanwarmu kuma ta fara harhaɗawa. Guntun saƙin nan, tsohuwa ta ce a sa shi a tsakiyar mayafin. Hausawa sun ce ajiya maganin wata rana. Allah ya ba mu ikon tattalin abin da ya hore mana, amin.