FILIN MANOMA: KEKEN DA YA DACE DA MAI JIKI

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, mutane da yawa sun jingine babur, sun koma kan keke. To, amma ba kowane keke ne zai ɗauki ƙaton mutum ba, balle a ɗora masa buhun taki mai kilo 50 a fita ta Ƙofar Ƙaura a nufi gona.

Mai jiki ya nemi keke irin na da, watau mai taya inci 28, na baƙin ƙarfe, mai sanda biyu. Irinsa ne Raleigh na Ingila, da Phoenix na ƙasar Sin, da Hero na Indiya. Amfanin baƙin ƙarfe shi ne in ya tsage mai walda zai ɗinke shi. Kayan gyaransa kuwa ba su da wuyar samu a birnin Katsina.

Abin da za ka fara dubawa shi ne ƙafar baya, gama ita ke ɗaukar fiye da rabin nauyi. Ƙidaya wayoyinta. Kada su kasa 36, in ka sami mai 40 ya fi. Ɗaga keken ka juya ƙafar. In tana layi, wayoyin sun saki, kuma waya ɗaya in ta tsinke sai 'yan'uwanta su bi ta.

Sa'an nan duba mahaɗar ƙarafa, musamman ƙarƙashin sirdi da wajen feda. In ka ga sabon fenti a nan kaɗai, yi hattara, wataƙila tsaga aka rufe. Sirdi ya zama mai faɗi, kariya kuma mai kauri. Hau ka taka birki da ƙarfi tun ba ka biya ba.

Kwancen da ya ke da lafiya ya fi sabo mai ƙyalƙyali marar ƙwari, araha ba ta ado. Tafi da mai gyaran keke ya duba maka, ladansa bai kai kuɗin sabuwar ƙafa ba.

In ka saya, riƙa cika taya da iska. Taya mai laushi a ƙarƙashin mai nauyi ita ke tsinke tif, ta lanƙwasa gargare. Kauce wa tsidau a bakin gona, ka riƙa goge yashi daga sarƙa kana ɗiga mata mai.

Allah ya ba mu damina mai albarka.