Mas'alar Zaɓen Tafinta wajen Jarraba Manhaja

Alƙaluman da cibiyoyin kiwon lafiya na gundumomin Magariya da Dungas ke tattarawa wata-wata, na zazzaɓin cizon sauro da na tamowa da na rigakafi, makomarsu ita ce DHIS2, manhajar da Jami'ar Oslo ke jagorantar gininta, wadda aka bar rubutunta a buɗe ga duk mai nufin dubawa ko gyarawa. Sai dai rubutu irin wannan, kome fasahar marubucinsa, ba ya amfanar da kowa sai wata manhajar dabam, wato tafinta, ta juya shi zuwa abin da na'ura ke fahimta. Tafintan kuwa bugu-bugu ne, domin GCC, ɗaya daga cikinsu, wanda ya fara fitowa a 1987, kusan kowace shekara sai an sabunta shi, haka nan Java, harshen DHIS2, ta fitar da bugu na 8 a 2014, na 11 a 2018, na 17 a 2021.

Al'adar maginan manhaja ita ce, duk sa'ad da wani ya kawo gyara, na'urori su ɗauki rubutun su jarraba shi da kansu, ba da hannun mutum ba. Amma da yake kowane bugu da aka ƙara cikin jarrabawar yana cin lokaci da wuta da kuɗi, ba makawa sai an yi zaɓi, a nan kuwa saɓani yake.

A ganina biyu ne wajibi: bugu mafi sabunta, domin a gano illa tun ba ta isa ga jama'a ba, da kuma mafi tsufa daga cikin waɗanda aka ɗauki alkawarin riƙewa. Waɗanda ke zuwa tare da manhajar Ubuntu mai dogon zango, kamar GCC 11 a bugun 22.04 da GCC 13 a bugun 24.04, mustahabbi ne mai ƙarfi, saura kuwa galibinsu almubazzaranci ne. Tsohon shi ya fi cancantar kulawa, saboda sabon kullum yana kan teburin magini, idan ya karye nan take za a ji kuka, alhali tsohon ba shi da mai ceto sai jarrabawar nan, masu dogaro da shi kuwa su ne ma'aikatun da ba su da halin sauya na'ura duk shekara, kuma, abin takaici, ba safai muryarsu ke isa majalisar magina ba.

Ba a ce a riƙe tsoho har abada ba, domin riƙonsa yana hana amfani da sababbin ƙa'idojin harshe. Sharaɗi dai a yi sanarwa da wuri, a kuma yi jinkiri mai hujja. DHIS2 ba ta wajabta Java 17 ba sai a bugunta na 41 a 2024, masu kula da manhajar Linux kuma sai a 2021 suka mayar da GCC 5.1, wanda ya fito tun 2015, mafi ƙarancin abin da suke karɓa.