Layin Dogo da Dala, Tikiti da Naira

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Daura a 'yan shekarun nan ya ga inda aka tsaga ƙasa a wajen Kazaure, ana cikon jar ƙasa, ana kafa gadoji. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi ke nan, mai tsawon kilomita 284, wanda zai bi ta Dambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya kafin ya shiga Nijar. A watan Fabrairun 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin, bayan an ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal kwangilar a kan kusan dala biliyan biyu.

Manomin Roni ko na Gwiwa, a ƙasar Kazaure, yana da nasa lissafin: diyyar gona, aikin lebura ga yara, da ranar da zai loda riɗinsa a tarago. Lissafin da ya haifi layin kuwa a bakin teku aka yi shi. Nijar ba ta da tashar jiragen ruwa, kuma kafin 2023, shekara da shekaru yawancin kayanta ta Kwatano suke shigowa, su haye gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya. Burin Najeriya shi ne ta janyo wannan kayan zuwa Legas, jirgi ya kwaso su ta Kano har Maraɗi.

Sai ga 26 ga Yulin 2023. Sojojin Nijar suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum, Janar Abdourahamane Tiani ya karɓi mulki. Bayan kwana huɗu ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar. A Abuja sunan abin matakin diflomasiyya. A Babura kuwa, inda mutum ke kwana a Najeriya ya je suna ko jana'iza a ƙasar Magarya, sunansa hana zumunci da kashe kasuwa. Dabbobi suka rage shigowa, hatsi ya koma bin ɓarauniyar hanya a bayan babur, kuma kowane shinge da nasa kuɗin goro. An janye takunkumin a Fabrairun 2024, aka buɗe iyaka a watan Maris, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe: Nijar da Mali da Burkina Faso sun kafa ƙawancensu na AES, suka kammala ficewa daga ECOWAS a Janairun 2025.

Akwai wani ciwon da ba a cika ambata ba, wanda a ganina ya fi na juyin mulki zurfi. Da dala aka ƙulla kwangilar, da dala ake cin bashin ginin, fasinjan Kazaure kuwa da naira zai sayi tikiti. Lokacin da aka sa hannu, dala ɗaya tana wajen naira 380 a farashin gwamnati. Bayan an saki naira ta nema wa kanta daraja a Yunin 2023, ba a rufa shekara ba dala ta haura naira 1,500. Ba a ƙara wa layin ko taku ɗaya ba, amma nauyinsa a naira ya ninka kusan sau huɗu.

Ita sefa, kuɗin Nijar, ba ta sha wannan kayen ba, domin a ɗaure take da yuro a kan 655.957 tun 1999, da lamunin baitulmalin Faransa. Abin mamaki, sojojin da suka kori dakarun Faransa daga Yamai da wannan kuɗin suke biyan albashi. Da naira ta faɗi, sai mai sefa ya zama sarki a kasuwannin bakin iyaka: geron Najeriya ya yi masa araha, ragon Nijar ya yi wa mahaucinmu tsada. Ɗan canjin Babura bai taɓa zuwa Farankfot ba, inda babban bankin Turai yake yanke kuɗin ruwa, amma kullum da safe sai ya duba wayarsa ya ga yadda yuro ta kwana kafin ya faɗa maka nawa zai karɓi jaka guda ta sefa.