Ko Ka Sani? Wa Ke Riƙe da Mabuɗan Rumbun da Ke Ajiye Bayananka?

Manomin Tofa da ya je ya yi rajistar NIN, ya dangwala yatsunsa aka ɗauki hotonsa, banki ya ba shi BVN, ya kuma haɗa layin wayarsa da NIN kamar yadda gwamnati ta umarta tun Disamba 2020, bayanan da ya bari ba a kwamfutar jami'in da ya yi masa rajista suke kwana ba. Cibiyar adana bayanai ake tura su, wato gini cike da manyan kwamfutoci da faifan ajiya jere a akwatunan ƙarfe, ga na'urorin sanyaya ɗaki da janareto, ba a kashe komai dare da rana. Kano ma tana da irin wannan gini: a Janairu 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da cibiyar Galaxy Backbone, kamfanin gwamnatin tarayya, a cikin birnin. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a manyan cibiyoyi irin waɗannan, galibin aikin ajiya manhaja ce ke yin sa. Ita ke yanka wa kowace ma'aikata rabonta a faifan, ta ɗauki kwafi a kan lokaci, ta tura shi wani gari, ta share abin da wa'adinsa ya cika. A ganina, muddin manhaja ce ke aikin, katanga da masu gadi da janareto ba za su isa su tsare bayanan manomin nan ba sai an tsara wane ne ke da ikon ba ta umarni, da kuma inda ikonsa ya tsaya.

Dalili kuwa saurinta ne. Akawun da ya ruɗe zai yaga takarda ɗaya ko ya ɓatar da fayil goma kafin a ankara. Manhaja ba ta gajiya, ba ta tsayawa ta ce anya, duk abin da aka ce ta yi za ta yi shi sau miliyan kafin mutum ya gama shan ruwa. A Disamba 2021 Jami'ar Kyoto ta Japan ta rasa kusan terabayit 77 na bayanan bincike, fayil kimanin miliyan 34 na ƙungiyoyin masu bincike 14, a cikin kwana biyu. Ba wuta ba ce ta tashi, ba kuma ɓarayi ba. Wani ɗan shiri ne da aikinsa share tsofaffin bayanan aiki da suka haura kwana goma, aka sabunta shi yana tsakiyar aiki, sai ya koma share ainihin fayilolin mutane. Kamfanin HPE da ya samar da shi ya amsa laifinsa. Kafin nan, ran 28 ga Fabrairu 2017, wani injiniyan Amazon ya yi kuskure wajen rubuta umarnin da zai janye ƴan kwamfutoci kaɗan daga rumbun kamfanin mai suna S3, umarnin ya janye da yawa fiye da yadda ya nufa, shafukan intanet masu ɗimbin yawa suka tsaya cik na kusan awa huɗu.

Saboda haka ne masu ƙera irin wannan manhaja suke rarraba iko muƙami-muƙami. Manhajar OnCommand Workflow Automation ta kamfanin NetApp misali ce mai sauƙin ganewa. Akwai mai tsara aiki, wanda ke rubuta matakan da manhaja za ta bi, amma ba shi da ikon buɗe wa wani sabon asusu. Akwai mai aiwatarwa, wanda ke danna aikin da aka riga aka tsara ya cika guraben da aka bar masa, ba zai iya taɓa tsarin ba. Idan aiki ya kai wata gaɓa mai haɗari sai ya tsaya, har mai amincewa ya duba ya sa hannu. Ɗan kallo yana ganin halin da ake ciki kawai, akwai asusu na musamman don ɗaukar kwafin ko-ta-kwana, sannan a sama akwai shugaban tsarin da ke raba muƙaman. Tunanin ya girmi manhajar da nisa. Tun 1975 Jerome Saltzer da Michael Schroeder suka rubuta cewa kada a ba mutum ko shiri iko fiye da abin da aikinsa ke buƙata, a 1992 kuma David Ferraiolo da Richard Kuhn na hukumar NIST ta Amurka suka tsara yadda za a rataya iko a kan muƙami maimakon a kan sunan mutum, ta yadda duk wanda ya bar kujera ikon ya zauna a kujerar. Wanda ya san kasuwar hatsi ta Dawanau, can maƙwabtan Tofa, ba baƙon abu ba ne a wurinsa: a sito mai tsari, mai riƙe mabuɗi daban, mai rubuta shiga da fita daban, ƴan dako suna ɗaukar abin da aka nuna musu, buhu kuma ba ya fita sai mai kaya ya ce a fitar.

Wani zai ce wannan rashin yarda ne da ma'aikata, mutumin da ya shekara goma yana aiki da amana a ce sai wani ya sa masa hannu kafin ya share faifai ɗaya. Na fahimci zafin, amma ina ganin an juya maganar. Injiniyan Amazon ba maci amana ba ne, yana bin ƙa'idar aikinsa ne yatsa ya zame. Rabon iko yana kare mai gaskiya daga kuskuren daren da ya gaji, yana kuma kare shi daga zargi. Inda ma'aikata biyar ke shiga da suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya, wadda wani lokaci a jikin allon kwamfuta ma ake manna ta, ranar da abu ya ɓace dukkansu abin tuhuma ne, kuma an san a kan wa laifi ke faɗawa: ƙaraminsu. Idan kowa da asusunsa, manhaja tana rubuta wanda ya yi me, da ƙarfe nawa, da izinin wa. Wannan rubutu shi ne shaidar ƙaramin ma'aikaci ranar da babba ya ce bai san zancen ba.

Akwai kuma masu cewa tsarin yana jawo jinkiri, kuma ma'aikatar da injiniyoyinta ba su wuce biyu ko uku ba ina za ta samo mutum shida da za su riƙe muƙaman nan? Jinkirin gaskiya ne, kuma idan aka sa kowane ƙaramin abu sai an jira sa hannun oga, mutane za su gaji su koma aron kalmar sirrinsa, a dawo gidan jiya. Maganin shi ne a bar aikin yau da kullum, kamar ƙara fili ko ɗaukar kwafi, ya wuce ba tsayawa, a ajiye sa hannu ga abin da ba a iya dawo da shi. Batun ƙarancin mutane kuwa, mutum ɗaya zai iya riƙe muƙami biyu da asusu biyu, ya yi aikinsa na kullum da ƙaramin, babban sai da dalili. Abin da bai kamata ba ko da su biyu ne kacal shi ne wanda ya nemi a share ya zama shi ne mai amincewa.

Hujja mafi ƙarfi a kan wannan ra'ayi ita ce, a Kyoto da Amazon duka, wanda ya yi ɓarnar yana da izinin aikin da ya taɓa, to me rabon muƙami ya hana? Lallai bai hana ba, kuma ba zai taɓa hana kowane kuskure ba. Abin da yake yi shi ne taƙaita inda ɓarnar za ta kai. Amazon da kansa, bayan abin ya faru, gyara kayan aikin ya yi ta yadda zai riƙa janye kwamfutoci a hankali, ya kuma ƙi sauka ƙasa da adadin da tsarin ke buƙata ko wane ne ya ba da umarnin. Inda abin ya fi fitowa fili shi ne a kwafin ko-ta-kwana. A Yuni 2014 wani ɗan kutse ya sami shiga asusun kamfanin Code Spaces, ya nemi kuɗi, da aka yi yunƙurin korar sa sai ya share bayanan da kwafinsu, domin mabuɗi ɗaya ne ke buɗe duka; kamfanin bai sake tashi ba. A Mayu 2024 kuwa, kuskuren saiti a Google Cloud ya share asusun UniSuper, hukumar fansho ta Ostareliya mai mambobi sama da 600,000. An sha wahala fiye da mako guda, amma an farfaɗo, kuma cikin abubuwan da suka taimaka har da kwafin da hukumar ta ajiye a wurin wani kamfani daban, inda hannun da ya yi sharar ba ya kaiwa.

A nan gida, abin da ya fi damuna ikon gani ne, wanda aka fi rainawa saboda ba ya share komai. A 2024 ƴan jarida da ƙungiyar Paradigm Initiative sun ba da rahoton shafukan intanet da ke sayar da bayanan NIN na mutane a kan kuɗi ƙalilan, hukumar NIMC mai kula da NIN kuma ta ce ba a fasa rumbunta ba. Ko da haka ne, tambayar tana nan: wa aka ba izinin dubawa, sau nawa a rana, wa ke bin sawunsa? Mutumin Tofa ba zai ga an taɓa komai ba sai ranar da wani ya kira shi da cikakken sunansa da ranar haihuwarsa, ya ce daga banki ne. Dokar kare bayanai da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yuni 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe bayanan jama'a alhakin tsare su, kuma wani ɓangare na wannan alhaki aiki ne marar armashi da ake yawan mantawa: a rufe asusun wanda aka yi wa canjin wurin aiki, da wanda ya yi ritaya, da ɗan kwangilar da ya gama ya tafi. A 2021 ta wani tsohon asusu da ba a amfani da shi, ba a kuma rufe ba, ƴan kutse suka shiga kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline a Amurka, aka tsayar da bututun na kwanaki, kamfanin ya biya fansar kusan dala miliyan 4.4.