Dambe, kokawa, judo ko tekwando: Wanne zai fisshe ka ranar da aka tare ka?



Kwanakin baya wata baiwar Allah da ta saba sayen maganin hawan jini a wurina ta shigo kanti tare da ɗanta mai shekara 15, damtsensa naɗe da bandeji. Masu ƙwacen waya ne suka tare shi bayan sallar isha'i, ya ƙanƙame wayar ya ƙi saki, suka yanke shi. Allah Ya taƙaita, abin ya tsaya a ɗinki. Ina cikin haɗa mata magani sai ta ce: "Likita, ni fa so nake in sa yaron nan inda zai koyi kare kansa. Wasu sun ce karate, wasu sun ce tekwando, babansa kuma ya ce ai dambe ne gadonmu. Don Allah wanne ya fi?"

Ta tambaye ni ne saboda ta san ina ɗan taɓa atisaye. Shekara shida da suka wuce wani a kan babur ya fizgi jakata, igiyar kuma na rataye a kafaɗata, na tafi ƙasa na tokare da tafin hannu. Ƙashin wuyan hannuna ya tsage, na yi mako shida da filasta. Ba ɓarawon ne ya karya ni ba, faɗuwar ce. Bayan na warke na shiga ajin judo na mata, daga baya na ƙara da ɗan horon damben zamani. Ban taɓa shiga gasa ba, amma na sha ƙasa iya shan ƙasa, kuma kullum a kanti ina ganin abin da waɗannan wasanni ke yi wa jikin mutane.

Wasannin nan gida biyu ne: na duka da na kamu. A gidan duka akwai dambe, damben zamani, karate da tekwando. A gidan kamu akwai kokawa, judo da jujitsun Birazil.

Tekwando, wanda ya fito daga Koriya, shi ne ya fi sauƙin samu a makarantu da filayen wasa na garuruwanmu. Da shi Chika Chukwumerije ya samo wa Najeriya lambar tagulla a gasar Olamfik ta 2008, da shi kuma Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya samo wa Nijar azurfa a 2016. Yana ba yaro saurin ƙafa da laushin gaɓoɓi da ladabi. Sai dai dokar gasarsa ta hana naushi a fuska, ta hana kamu, don haka ɗalibansa kan saba da sakin hannu ƙasa. Sannan shurin da ke kai ƙafa har kan mutum yana da ban sha'awa a kan shimfiɗar atisaye, amma a tuna cewa mai yin sa a kan ƙafa ɗaya yake tsaye. A kan tsakuwa, da silifas, ko da zani a ɗaure, wannan shurin kai zai kayar kafin ya kayar da wani.

Karate daga tsibirin Okinawa na Japan ya samo asali, kuma amfaninsa ya danganta da makarantar. Wata makaranta ana karawa da juna, wata kuwa shekara za a yi ana naushin iska a jere. Ga iyayen da ke fargabar batun sutura, Feryal Abdelaziz ta Masar da kanta a rufe ta ci zinare a karate a Olamfik ɗin Tokyo, kuma ilimin harhaɗa magunguna ta karanta, abin da ya sa nake yawan ba da labarinta.

Damben zamani shi ne ya fi saurin ba mutum abin da zai yi aiki da shi. Naushin bai fi kala huɗu ba, sauran aikin duk sanin tazara ne, da sarrafa ƙafa, da kare fuska, da sabawa da ganin hannu na tahowa ba tare da an runtse ido ba. A wata shida mutum zai ga canji. Lambar Olamfik ta farko da Najeriya ta taɓa samu ma da shi ne, ta hannun Nojim Maiyegun a 1964. Illarsa biyu ce. Ta farko dukan kai, zan dawo kansa. Ta biyu, ɗan damben zamani ya saba da safar hannu mai kauri, a titi kuwa babu ita. Naushin ƙoƙon kai da hannu tsirara yakan karya ƙashin da ke bayan ƙaramin yatsa. In kuma haƙorin wanda aka nausa ya yanki bayan hannu, to wannan ɗan ƙaramin rauni ba na wasa ba ne, domin ƙwayoyin cutar baki kan shige har cikin gaɓa. Asibiti ake kai shi a ranar, ba a manna masa filasta a kwanta.

Damben gargajiya kuwa ina ganin girmansa. Ɗan dambe ya san zafin duka na gaske, ya san tsayuwa gaban namiji ba tare da gwiwa ta yi sanyi ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma wasa ne da aka gina a kan hannu ɗaya da aka ɗaure da zare, ɗayan na tsaro, babu abin kare kai, burin kuma shi ne a yi kisa, wato a kai abokin karawa ƙasa. Da jiki ake biyan kuɗin koyonsa. Na gaya wa matar nan cewa ɗan makarantar da ke shirin jarabawa ba zan tura shi can ba.

Wanda muka fi rainawa shi ne kokawa, alhali ita ce a ƙofar gidanmu. Ku tuna duk rigimar da kuka taɓa gani a tasha ko a kasuwa: da cakuma take farawa. A ci kwala, a riƙe hannu, a ja jaka, a ja hijabi. Ɗan kokawa ya san yadda zai kafa ƙafarsa kada a ɗaga shi, ya san yadda zai ɓamɓare hannun da ya riƙe shi, ya san inda nauyin mutum yake. Blessing Oborududu da kokawa ta ci azurfa a Tokyo. Kamaru Usman, haifaffen Auchi, da kokawa ya fara a makaranta a Amurka kafin ya zama zakaran gasar UFC a 2019.

Judo kokawa ce da riga. Wani malami ɗan Japan mai suna Jigoro Kano ne ya kafa ta a 1882, sunan dai ya yi kama da na garin Dabo amma babu dangantaka. Da yake ana kama tufafi a cikinta, ta dace da mu masu yalwar sutura, domin babbar riga da hijabi duk abin kamawa ne. Abin da ya fi burge ni shi ne darasin farko. Kafin a koya maka kayar da kowa, sai an yi makonni ana koya maka faɗuwa: ka manna haɓa a ƙirji don ƙeya kada ta bugi ƙasa, ka mirgina ta kafaɗa, kada ka tokare da tafin hannu. Da na san wannan shekara shida baya da ban sa filasta ba. Kuma mutum zai iya ƙare rayuwarsa ba a taɓa tare shi a hanya ba, amma da wuya ya ƙare ta bai zame a banɗaki ba ko bai faɗo daga babur ba.

Jujitsun Birazil ya yi suna ne a Nuwamban 1993, lokacin da aka shirya gasar UFC ta farko a birnin Denver na Amurka, aka tara gwanayen wasanni daban-daban don a ga wanda zai yi nasara. Royce Gracie, wanda ba ya cikin masu girman jiki, ya cinye karawa uku a dare ɗaya ta hanyar kai mutum ƙasa ya shaƙe ko ya murɗe. Cikin 'yan shekaru sai masu duka suka shiga koyon kamu, masu kamu suka shiga koyon duka, har ya zama yau babu mai shiga wannan gasa da fanni ɗaya. Ga mace, darasin kuɓucewa daga ƙarƙashin wanda ya fi ta nauyi yana da matuƙar muhimmanci. Amma titi ba fili ba ne: in ka kwanta kana murɗe mutum ɗaya, abokinsa na tsaye a kanka da takalmi. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Makarantunsa ma ba su da yawa a nan, kuma da tsada.

To wanne ya fi? Ni a ganina sunan wasan ba shi ne abin dubawa na farko ba. Ka je wurin ka zauna ka yi kallo. Shin ɗalibai na gwada abin da suka koya a kan abokin da ke turjewa da gaske, ko kuwa abokin miƙa hannu yake yi ya tsaya kamar gunki a murɗe shi? Dabarar da ba a taɓa gwada ta a kan mai gardama ba, ranar tsoro guduwa take yi daga kai. Bayan wannan sai haɗin gambiza: ɗaya daga gidan kamu, ɗaya daga gidan duka. Amma taura biyu ba ta taunuwa. A fara da ɗaya, kwana biyu ko uku a mako, a yi kamar shekara, sannan a ƙara na biyu. Ga yara da mata ni kamu nake fara zaɓa, judo ko kokawa, daga baya a ƙara dukan buhu da matashin hannun koci, wanda ba ya buƙatar a bugi kan kowa. A haɗa da gudu da tsallen igiya, domin wanda numfashinsa ya ƙare a daƙiƙa talatin ba zai iya faɗan ba, ba zai iya tsira da ƙafa ba.

Batun wuƙa kuwa, babu wasan da ke maganinta. Duk kocin da ya ce zai koya maka ƙwace wuƙa cikin mako biyu, ka riƙe kuɗinka. Mai shakka ya sa tsohuwar farar riga, ya ba ƙaninsa gawayi ya ce ya ɗauka wuƙa ce, su kara na daƙiƙa goma, sannan ya ƙirga zanen da ke jikin rigar. In waya ake so, a miƙa waya. Horo na da amfani ne a inda ba dukiya ake nema ba, kai ake nema, kuma ko a nan manufar ita ce a kuɓuce a yi ihu a nufi cikin mutane. Doka ta yarda mutum ya kare kansa gwargwadon barazanar da ke gabansa, ba ta yarda ya bi wanda ya juya baya da duka ba.

Yanzu bari in koma bayan kanta, inda nake da ta cewa.

Dukan kai yana girgiza ƙwaƙwalwa ko da mutum bai suma ba, kuma illarsa taruwa take yi. Shi ya sa ƙungiyoyin likitocin yara na Amurka da Kanada suka fitar da matsaya a 2011 cewa ba su goyon bayan yara su yi dambe. Duk wanda aka buga a kai ya ji jiri, ko ya ruɗe, ko ya manta abin da ya faru, ya gama wasa a ranar, kuma ba zai koma ba sai likita ya sallame shi. In aka ga amai, ciwon kai mai ƙaruwa, barcin da ake wahalar tashinsa, gani biyu-biyu, jijjiga, ko ruwa ko jini daga kunne, a tafi asibiti nan take. Kada a ba shi asfirin, ibuprofen ko diclofenac a wannan hali, domin suna iya ƙara zubar jini a ciki. Farasitamol ya wadatar kafin a ga likita.

Samari kan zo mini neman tramadol wai don kada su ji duka. Ba na bayarwa sai da takardar likita. Yana kama mutum, yana jawo jijjiga, kuma zafin da yake ɓoyewa shi ne ke gaya maka ka tsaya kafin targaɗe ya zama karaya. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa tun daga Janairun 2024. Haka ƙwayoyin da ake sha don a yi ƙiba, irin su dexamethasone: kumburi suke kawowa ba tsoka ba, suna raunana ƙashi, suna tayar da sukari da hawan jini.

Masu kamu kuma matsalarsu fata ce. Makero na yaɗuwa ta shimfiɗa da gogar jiki. A yi wanka da sabulu da zarar an tashi, a wanke kayan atisaye, kowa da tawul ɗinsa. Na jiki yana jin man clotrimazole in an dage makonni, amma na fatar kai sai an sha ƙwaya bisa umarnin likita. A guji mayukan nan masu haɗi uku, domin sinadarin da ke cikinsu yana kwantar da ƙaiƙayi ne cutar na ci gaba da bazuwa. Mai sikila, asma, farfaɗiya ko ciwon zuciya ya ga likitansa kafin ya fara, koci kuma ya sani. A sayi robar kare haƙora, a yanke farce, a je da ruwa. Yarinya a nema mata ajin mata ko koci mace, kuma wurin da ba a barin iyaye su zauna su kalla, kada a bar yaro a can.

Matar ta dawo sayen maganinta a ƙarshen wata. An cire ɗinkin, yaron ya fara judo ranakun Asabar da Lahadi, yana ƙorafin cewa har yanzu faɗuwa kawai ake sa shi yi. Babansa ya haƙura da batun dambe bisa sharaɗin za su riƙa zuwa kallo tare. Ita kuma ta saya masa ƙaramar waya mai maɓalli, ta ce da ita zai riƙa fita in dare ya yi.