Idan Mota Ta Yi Ƙasa, Taya Na Cikin Haɗari

Masu karatu da yawa suna da dangi a Maiurno, garin da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya kafa a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sennar bayan yaƙin Burmi na 1903, ko a ƙauyukan Hausawa na Jazira, inda aka buɗe babban aikin noman rani a 1925. Ƙasar wajen baƙar laka ce: da damina sai caɓi, da rani ta bushe da ramuka. A irin wannan hanya, tsayin mota daga ƙasa maganar rai ce.

Mota kan yi ƙasa ta hanya biyu. Wani saurayi ne zai yanke sifirin don ado. Wani kuwa lodin dawa da fasinja ne ya gajiyar da sifirin a-kori-kurarsa. Sakamakon ɗaya ne: in an faɗa rami ko an karya kwana, taya ta riƙa gugar ƙarfen da ke samanta. Gugar nan tana yanka gefen taya, inda ba ta da kauri, wata rana ta fashe ana cikin gudu.

Gyara yana farawa da gano wurin. A shafa alli a bakin ƙarfen, a ɗan yi tafiya, a murɗa sitiyari har ƙarshe dama da hagu. Inda allin ya goge, nan ne. In gugar kaɗan ce, mai gyaran bodi zai iya lanƙwasa leɓen ƙarfen ciki. In tayar ta fi wadda kamfani ya ƙayyade faɗi ko tsayi, a koma ga ta asali. A duba shokozoba, da robar da ke tare ƙafa kada ta daki bodi, a daidaita ƙafafu. Sifirin da aka yanke kuwa sai canji, tayar da gefenta ya tsage ma haka. Faci ba ya riƙe ta.

Muna tunatar da iyaye da direbobi cewa fasinja amana ne. Buhu biyu da aka rage daga lodi ba su kai ran mutum ɗaya ba. Allah Ya kai matafiyanmu gida lafiya, Ya ba Sudan zaman lafiya, amin.